Kyautar da Ake Biya Duk Wata

Wata ranar Asabar bayan la'asar, wani ƙanenmu da ke karatu a Dutsin-Ma ya sauka Kurfi da jaka a baya, fuskarsa ba walwala. Ya zaro kwamfutar tafi-da-gidanka ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Yaya, ku duba mini, ta ƙi buɗewa." Muka kunna. Na'ura lafiyarta ƙalau, batir na ɗaukar caji, allo ba tsaga. Abin da ya fito kawai saƙo ne da Turanci, wai an rufe ta sai an biya kuɗin wata. A cikinta akwai babi uku na binciken kammala digirinsa, ranar Litinin kuma malaminsa ke jira.

Muka tambaye shi nawa ya saye ta. Ya ce, "Ai ba saye na yi ba, kyauta ce. Data kawai nake biya."

Muka ce ya nuna mana takardar da ya sa wa hannu. Ba a ba shi ita ba, hotonta ya ɗauka da waya a gaggauce a ƙarƙashin lemar dillali. Muka yi ta ƙara girman hoton har rubutun ya karantu. Wata 24 zai yi yana sayen data a wurinsu. In ya yi jinkiri a rufe na'urar. In ya ce ya fasa, ya biya kuɗinta cif a farashin da su suka yanka. Kalmar kyauta tana saman takarda da manyan baƙaƙe, sauran kuwa suna can ƙasa kamar sawun tururuwa.

Abin da muke so mu faɗa ke nan, kuma ba za mu yi kwana-kwana ba: abin da mabuɗinsa ke hannun wani ba kyauta ba ne. Bashi ne aka sauya masa suna, don an san in aka kira shi da sunansa na yanka mutum zai tsaya ya yi lissafi. A nan wajenmu ya fi zuwa da siffar waya, ko ƙaramar kwamfutar hannu, ko 'yar na'urar wayfay da ake sa wa layi, wani lokaci kuma kwamfuta sukutum. Siffa ce ta bambanta, igiyar ɗaya ce.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba, ba kuma a ƙasarmu aka haife ta ba. A watan Fabrairu na 1999 wani kamfani a Amurka mai suna Free-PC ya ce zai raba kwamfutoci 10,000 ba ko sisi. Sharaɗin shi ne ka cika fom ka faɗi shekarunka da abin da kake samu da abin da kake sha'awa, sannan ka yarda talla ta zauna a gefen allonka muddin na'urar na kunne. Jama'a suka yi rububi. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya narke cikin wani, kyautar ta tsaya. A wannan shekarar dai manyan kamfanonin intanet na can, irin su CompuServe, suka shigo da wani salo: za a rage maka dala 400 a kuɗin kwamfuta in ka ɗaure kanka da su shekara uku, kana biyan dala 21.95 duk wata. Tunda akwai kwamfutocin da kuɗinsu bai wuce dala 400 ɗin ba, sai kantuna suka rataya alluna suna cewa kwamfuta kyauta. Wanda ya zauna ya ninka 21.95 sau 36 zai ga dala 790 da 'yan kai. A shekara ta 2000 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta taso wa wasu daga cikin kantunan, ciki har da Office Depot da Buy.com, kan cewa tallarsu ba ta fito da sharuɗɗan fili ba. Cikin abubuwan da aka ɓoye akwai ɗaya da ya kamata ya tsaya mana a rai: ba ko'ina kamfanin intanet ɗin ke da lambar kira ta kusa ba, don haka wanda ke nesa da birni sai ya riƙa biyan kuɗin kiran nesa duk sa'ad da ya hau. Wato tun a can, mutumin ƙauye ne ya fi shan dukan.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irin wannan alheri. A zamanin Turawa, lokacin da injin gurzar auduga na Funtua ke tashe, ana raba wa manoma irin auduga kyauta. Kakanninmu sun karɓa, sun kuma gane cewa wanda ya ba ka iri a damina yana jiranka a bakin sikeli da kaka. Ruwa ba ya tsami banza.

Mu masu rubuta manhaja mun san yadda ake ƙera wannan mabuɗi, don abokan sana'armu ne ke ƙera shi. Kafin na'ura ta iso hannunka an dasa mata wata manhaja can ƙasa, inda mai amfani ba ya iya cirewa, ko da ya goge komai ya sake zuba sabo. Manhajar tana gaisawa da wata babbar kwamfuta ta kamfani lokaci-lokaci, tana tambaya ko an biya. In amsa ta zo a'a, sai allo ya rufe. Da yawa daga cikinsu an tsara su ne yadda in suka yi kwanaki ba su ji ɗuriyar kamfani ba, su rufe da kansu, don kada wani ya kashe data ya gudu da kaya. A wurin mai kamfani wannan hikima ce. A wurin mutumin da ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan tarko ne, domin na'urar ba ta bambanta ɓarawo da wanda sabis ya guje wa.

Kuma mu mun san abin da ake nufi da sabis ya guje wa mutum. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Watanni muka yi waya ta zama fitila da agogo. Mai son tura saƙo ko karɓar kuɗi sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake, masu POS suka naɗe tabarma, ɗalibai suka riƙa tara ayyukansu sai an shiga Katsina. To a ce a lokacin akwai wanda ke cikin wata na takwas na yarjejeniyar wata 24. Wa zai ɗauki asarar? A takardar ƙanenmu mun nemi layi ɗaya da ya ce in sabis ya ɗauke biya zai tsaya. Babu. Akwai dai dogon sakin layi da ya wanke kamfani daga duk abin da ya fi ƙarfinsa. Shi kamfani an yafe masa abin da ya fi ƙarfinsa, talaka kuwa ba a yafe masa ba, ko da abin da ya fi ƙarfin nasu iri ɗaya ne.

Ko ba a kai ga katsewa ba, kowa ya san akwai unguwar da layin wannan kamfani ke ja, akwai lungun da sai na wancan. Shi ya sa kusan kowannenmu ke yawo da layi biyu. Wannan 'yancin na sauya layi shi ne kaɗai sandar da mai saye ke riƙe da ita a gaban manyan kamfanoni, kuma shi ne abu na farko da kyautar ke ƙwacewa. Na'urar wayfay da aka kulle a layi ɗaya ba ta karɓar wani. Ɗalibin da ya karɓe ta a Dutsin-Ma inda sabis ɗin ke da ƙarfi, in ya tafi hutu ƙauyensu inda babu, zai ci gaba da biyan datar da ba zai taɓa sha ba, ta ƙare a ƙarshen wata, ya sake biya.

Sai mu zo kan lissafi, wanda shi ne dillali ba ya so a yi a gabansa. Mu ɗauki misali kawai. A ce an ɗaure ka da datar naira 15,000 duk wata har wata 24, jimla naira 360,000. A ce kai da kanka, in ba wanda ya tilasta maka, datar naira 6,000 ke isar ka. Bambancin naira 9,000 ne a wata, a shekara biyu ya zama naira 216,000. Wannan shi ne kuɗin kyautarka. Yanzu sai ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka tambayi nawa ake sayar da irin wannan na'urar a hannu. In abin da aka faɗa maka ya gaza haka, ka san ka sayi kayanka da tsada ka kuma yi godiya a kai. Sa naka alƙaluman a wurin namu, lissafin bai fi minti biyar ba.

Wannan ma in farashin ya tsaya ke nan. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wanda ba a ɗaure ba ya rage abin da yake saye, ko ya koma wani layi. Wanda aka ɗaure fa? Ya duba takardarsa ko an rubuta adadin kuɗi, ko kuwa sunan tsari kawai aka rubuta tare da cewa kamfani na da ikon sauya farashi. In na biyun ne, ya sa hannu a kan bashin da bai san ƙarshensa ba. A ƙasar da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, alkawarin shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Ita kanta na'urar a duba ta. Ba a yin kyauta da sa mai ƙiba. Sau da yawa abin da ake haɗawa da irin wannan tsari shi ne wanda ya daɗe a sito, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ɗan rumbun ajiya da ba a iya ƙara masa komai don an like shi a jikin allon ciki. Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwa da gigabait 64 na rumbu, Microsoft kuma ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Na'urar da ke bakin wannan iyaka tun ranar da aka miƙa maka ita, kafin ka gama biya ta tsufa. Ga kuma wutar lantarkinmu da janareta da cajin shago da ke cinye batir. In ta lalace a wata na goma, mai gyara na bakin kasuwa ba ya iya taɓa ta ba tare da an ce ka karya sharaɗi ba, ofishin da aka yarda da shi kuwa yana wani gari. Kana jiran gyara, kana biyan wata.

Akwai kuma farashin da ba a biya da naira. Don a ba ka kyautar sai ka ba da lambar NIN, da BVN, da hotonka, da lambar wani ɗan'uwa da zai tsaya maka. Manhajar da ke iya rufe allonka tana iya sanin abubuwa da yawa game da kai in an ba ta dama, kuma damar tana cikin maɓallin amincewa da muke dannawa ba mu karanta ba. Mun ga abin da wasu manhajojin ba da bashi suka yi a ƙasar nan, suna aika wa dangi da abokan mutum saƙon tozarci saboda 'yan dubbai, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. A 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Doka tana nan, amma a garin da kowa ya san kowa, in saƙo ya riga ya isa wayar surukinka, babu dokar da za ta dawo da shi.

Mun san abin da za a ce mana, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce ku da kuka samu kuka yi karatu kuka mallaki kwamfutocinku, da sauƙi ku ce kada a karɓa. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, me za a ce masa? Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke bin layi a shagon buga takardu da kuɗin abincinta fa? Banki ba zai ba su bashi ba, gida babu. In wani ya ce ga na'ura yau, a biya kaɗan-kaɗan, ina laifinsa?

Babu laifi a biya kaɗan-kaɗan. Muna sayen babur a haka, muna sayen keken ɗinki a haka, iyayenmu mata sun haɗa kayan ɗaki da adashe tun kafin a haife mu. Akasarin malamai sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na hannu, matuƙar an yanke farashin tun farko kowa ya san shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin da aka hana shi ne ciniki cikin duhu, inda ɗaya ya san abin da ake ƙullawa ɗaya bai sani ba. Rigimarmu da kalmar kyauta ce. Wanda aka ce masa bashi ne yakan je gida ya yi shawara, ya tambayi jimla, ya kwatanta da kasuwa. Wanda aka ce masa kyauta ce kunya ma ba ta barin sa ya yi tambaya, domin a tarbiyyarmu ba a taya kyauta, ba a juya ta a duba aibinta a gaban mai bayarwa. Masu talla sun san wannan ɗabi'a tamu, da ita suke kama mu. Ladabinmu suka mayar ƙugiya.

Ba kuma za mu ɗora laifin a kan yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da lasifika ba. Ɗan unguwarmu ne, kamasho yake ci a kan kowane kai, wataƙila shi ma bai taɓa karanta takardar ba. Laifin yana can sama, wurin waɗanda suka zauna suka yanke shawarar wace kalma za a rubuta da manyan baƙaƙe, da wurinmu mu masu sana'ar da muke karɓar aikin ƙera makulli ba tare da mun tambayi ƙofar wa za a rufe ba. Wanda ya iya rubuta umarnin da ke rufe allo, ya iya rubuta wanda zai bar mutum ya kwashi takardunsa ko da an rufe, ya iya rubuta wanda zai dakatar da ƙidayar kwanaki in sabis ya ɗauke a yanki gaba ɗaya. Aikin yini kaɗan ne. Ba a yi ba ne don ba wanda ya nema.

To mu nema. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana talla mai yaudara. A Kurfi harshe mai sauƙin fahimta Hausa ne. Kamfanin da ya iya ɗauko mawaƙi ya rera masa talla da Hausa, ya iya fassara sharuɗɗansa zuwa Hausa. A rubuta jimlar abin da za a biya daga wata na farko zuwa na ƙarshe a wuri ɗaya, da girman da aka rubuta kalmar kyauta. A raba kuɗin na'ura da kuɗin data, kowanne da layinsa. A faɗi ranar da za a cire makulli na'ura ta zama ta mai ita, ta karɓi kowane layi. Makarantunmu kuma, kafin su bar wani ya kafa rumfa a harabarsu ya yi wa ɗalibai romon baka, wani daga ofishin kula da ɗalibai ya karanta takardar tukuna, domin ɗalibi na ɗauka duk abin da aka bari ya shigo makaranta an tantance shi. Wanda aka riga aka cuta ta fuskar layi ko data, lambar 622 ta NCC kyauta ake kiranta, wannan kam kyauta ta gaskiya.

Kai kuma da aka miƙo maka biro, kada ka sa hannu a tsaye. Ka ce a ba ka takardar ka kwana da ita. Ka tambayi nawa ne duka, me zai faru in ka makara da mako ɗaya, nawa za ka biya in ka fasa, wa ke da asara in an sace ta ko ta lalace. In dillali ya ce garaɓasar yau za ta ƙare, ka bar ta ta ƙare. Ka kwatanta da kwamfuta ta hannu mai ƙwari daga kasuwa, wadda ku biyar za ku iya yin adashe kowa ya mallaki tasa bi da bi, ba mai rufe muku ita daga Legas. Araha ba ta ado, amma abin da ka saya da guminka ko tsoho ne, kai ke kunna shi kai ke kashe shi.

A daren nan muka biya wa ƙanenmu kuɗin watan. Sai da muka fita bakin titi inda sabis ya fi ja, muka tsaya riƙe da kwamfuta a hannu kamar masu neman wata, kafin saƙon ya iso allo ya buɗe. Abu na farko da muka sa shi ya yi shi ne ya kwashe babi ukun nan ya zuba a filashi, ya kuma tura wa kansa ta imel. Ya kai aikinsa ranar Litinin. Saura masa wata goma sha ɗaya, kuma yanzu in an tambaye shi ba ya cewa kyauta ce, cewa yake bashi ake bin sa.